Mai Girkin Bayan Katanga

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaban, ina ci gaban" tun kafin in wanke ido, to ga shi. Yau dai babu abin dariya sosai a ciki, kada wani ya zo ƙasa yana min ƙorafi.

*

Ruwan da aka wayi gari da shi bai ɗauke ba, ya dai gaji ya koma yayyafi. Shahula na tsaye a bakin ƙofar ɗakinsu tana kallon mahaifinta, Bappa Latif, zaune cikin kujerar igiya a ƙarƙashin rumfa, kwano a cinya, yana bin gefensa da ɗan yatsa yana kaiwa baki.

Wannan fa shi ne mutumin da aka yi watanni a Male, babban birnin tsibiran, ana bin sa da cokali kamar jariri. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, ciwon da ke cikinsa a hankali yake tafiya, yunwa ce za ta riga shi. Ta dafa, ta sayo, ta yi kuka, ta yi fushi, Bappa ya kalli abinci ya juya fuska bango. Sai rana ɗaya ya ce ta kai shi Kelimadu, tsibirin da ko da wasa bai taɓa ambata mata ba, kuma masaukin Wadifa yake so, ba wani ba. Masaukin da fankarsa ke kuka ba ta ba da iska, bokiti na tare yoyo a tsakar ɗaki, katifa kuwa ta san haƙarƙarin mutane da yawa kafin nasu.

Amma tun ranar da suka sauka yake ci. Romon kifin da suke kira garudiya da shinkafa, soyayyen zogale a gefe, lemun tsami da barkono. Ya cinye nasa ya jawo nata, ita kuma ta tura masa da murna, ta koma ɗaki ta jiƙa biskit a shayi. Dama can ba a dafa romon kifi a gidansu, ba ta tashi da shi ba, ko ƙanshinsa ba ya jan ta.

To yau da la'asar jirgin ruwa zai tashi, gobe asibiti na jiransu. A Male kuwa wa zai dafa masa wannan? Tunanin da ya hana ta sakat ke nan tun jiya.

Wadifa mai masaukin ta ɓullo daga lungun baya da tire a hammata, ta tattare gefen rigarta saboda ruwa.

"Dattijo, a bar wa kwanon furensa mana, da shi na saye shi."

Bappa ya yi dariya har da tari.

"Ki ce wa mai girki Allah ya yi albarka. Da rana in da hali, a ɗan ƙara gwaza."

"Kai da gwaza! Ku mutanen kudu, ko a tsakiyar teku aka ajiye ku sai kun tambayi inda ake shuka gwaza."

Ta kwashe kwanukan ta juya. Shahula ta bi ta har bakin lungun, inda idon Bappa ba ya kaiwa.

"Datta Wadifa, tsaya mana," ta ce, yadda ake kiran babbar yaya a can.

"In maganar fanka ce, na gaya miki mai gyaran ya fita kamun kifi, sai teku ya gaji da shi."

"Ba fanka ba ce. Mai girkin nake son gani."

Fara'ar Wadifa ta ɗauke.

"Ta-Kudu ba ta ganin baƙi."

"Ni ba yawon buɗe ido na zo ba, Datta. Kin ga yadda muka shigo da shi gidan nan, a kafaɗar mutum biyu. Yau shi ya sa rigarsa da kansa. In na koma da shi Male ya sake rufe baki, wallahi ba zai kai azumi ba."

"Allah ya ba shi lafiya, amma..."

"Ko ta koya min, ko ta bi mu. Duk abin da ta ce zan yi."

Wadifa ta kalle ta, ta kalli ƙaramar ƙofar langa-langa da ke jikin katangar dutsen teku. Macen kirki ce, bakinta ne kawai ba shi da birki.

"Biyo ni. Amma in ta koro ki da ludayi, ba ni na aike ki ba."

Bayan katangar wata 'yar bukka ce ta ganyen kwakwa, hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin. Gefe guda ga 'yar gonar gwaza da ba ta fi tabarma biyu ba, ita kaɗai ce a tsibirin kaf. A ciki wata tsohuwa siririya na tsugune gaban murhu, ta ba ƙofa baya, tana tura ɓawon kwakwa a wuta. Kifi na shan hayaƙi a kan raga a saman kanta. Tukunyar da ke kan wutar ƙarama ce ƙwarai, ba irin wadda za a ciyar da masauki da ita ba.

Ba ta juyo ba ta ce, "Wadifa, kin zo a daidai. Tsaya ki gani."

"Haba Ta-Kudu, yau ma?"

"Tsaya ki gani, na ce."

Ta buɗe tukunyar, ta ɗebo romon a ludayin ƙoƙon kwakwa, ta hura, ta shanye. Sannan ta juyo ta buɗe wa Wadifa baki, don ta ga babu abin da ya rage.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Kin shaida?"

"Na shaida, Ta-Kudu, Allah ma ya shaida." Wadifa ta juyo wurin Shahula tana girgiza kai. "Kin ga aikina na kullum. Tun zamanin mahaifiyata, ba kwanon da ke fita daga ɗakin nan sai ta sha a gaban mutum. Mun yi roƙo, mun yi faɗa, a banza. Rannan ina kwance da zazzaɓi, sai da ta sa aka kira ladan ya tsaya mata, baƙi na can suna hamma."

Sai a lokacin tsohuwar ta lura akwai mutum ta biyu. Idonta ya sauka a kan Shahula ya tsaya. Ludayin da ke hannunta ya ɗan karkata, ragowar romo ya ɗiga a toka.

"Baƙuwarmu ce ta ɗakin ƙarshe," in ji Wadifa. "Na ce mata ba kya ganin mutane, ta nace."

"Bar ta. Je ki aikinki."

Wadifa ta fita, amma wanda ya san Wadifa ya san ba ta wuce bakin ƙofa ba.

Shahula ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa a taƙaice, ta tura mata wata 'yar kujera da ƙafa.

"Goggo, godiya na zo yi, da kuma roƙo."

"Fara da roƙon, godiya ba ta da sauri."

Shahula ta zayyana mata komai, ciwon, likitan, watannin cokali, jirgin la'asar. Ta ce akwai ɗaki a gidansu a Male, da banɗaki a ciki, ba abin da za ta taɓa sai tukunya. In kuma tafiyar ce ba za ta yiwu ba, to ta zauna nan har la'asar ta koya, ko da rabin abin ne.

Tsohuwar na saurare tana gyara wuta. Da Shahula ta gama sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"Male. Ni za a kai Male in dafa wa Latif abinci."

Shahula ba ta kawo komai ba, ta ɗauka a bakin Wadifa ta ji sunan.

"Ina matarsa da ba za ta dafa masa ba?"

"Mahaifiyata ta rasu tun ina 'yar shekara huɗu. Bai sake aure ba."

"Allah sarki. Me ya same ta?"

"Jirgi ne ya kife da su a kudu."

"Wa ya gaya miki?"

"Bappa."

"An ga gawar?"

Shahula ta ɗan ja baya. Wace irin tambaya ce wannan, daga haɗuwa?

"Ba a gani ba. Teku ya tafi da ita."

"Teku dai," in ji tsohuwar. "Bawan Allah teku. Wanda ya ci da wanda bai ci ba, duk shi ake ɗora wa."

Yayyafin ya ɗan ƙaru, yana bugun ganyen rufin. Shahula ta kauce wa zancen, ta kama maganar da ta fi kusa.

"Goggo, me ya sa kike shan romon a gaban mutane?"

"Kina son ji?"

"In babu damuwa."

"Damuwa kam akwai. Amma tunda ƙafarki ta kawo ki, zauna da kyau."

Ta sauke tukunyar, ta rufe, ta goge hannu a gefen riga.

"A wani tsibiri can kudu aka yi wata mata. Marainiya ce, ba uwa ba uba, ba ta da abin tinƙaho sai hannunta a tukunya. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya. Uwar mijin tsohuwa ce da ciwo ya riga ya cinye, ita ke dafa mata, ita ke ba ta a baki, ita ke wanke ta, 'ya'yanta mata na can gidajensu suna aiko da gaisuwa. Wata safiya tsohuwar ta sha romo, kafin azahar ta cika."

"Innalillahi."

"Kafin a dawo daga maƙabarta, yayyen mijin sun tono kwakwa a bakin ƙofar ɗakin girki. Ɗanya, an zagaye ta da rubutu. Kin san abin da wannan ke nufi a wurinmu."

Shahula ta gyaɗa kai. Ko ɗan Male da bai taɓa hawa bishiya ba ya san ba a binne kwakwa mai rubutu don alheri, sai don asiri.

"Wa ya binne ta, har yau ban sani ba. Matar ko karatun kirki ba ta da shi, balle rubutu a kan kwakwa. Aka je gaban alƙali. Ya ce kwakwa ba ta magana, a kawo wanda ya gani da ido. Matar ta ji sanyi a ranta, ta ce shi ke nan na fita, wa zai ga abin da ba a yi ba?"

Ta tura ɓawon kwakwa a wuta.

"Sai mijin ya miƙe."

"Mijinta?"

"Yayyensa na bayansa kamar an kafa su. Ya ɗaga hannu ya rantse ya gan ta tana zuba abu a tukunyar uwarsa. Bai kalle ta ba har ya zauna. Aka yanke mata kora, shekara uku a tsibirin da ba ta san kowa ba. Aka sa ta a jirgin busasshen kifi da ƙullin kaya ɗaya, 'yar tana kuka a bakin ruwa, an riƙe ta. Da aka iso, mai garin ya duba gidan da ke neman hannu ya ajiye ta, ta yi musu aiki su ciyar da ita, kamar yadda ake yi wa korarru. Ranar farko da ta dafa abinci, ba wanda ya taɓa. Labari ya riga ta sauka. Yara na kuka da yunwa, uwarsu ta riƙe musu hannu. Sai ta ɗauki ludayi ta sha a gabansu."

Ta ɗaga ludayin ta nuna mata.

"Kin ji amsar tambayarki."

Zuciyar Shahula ta riga ta hango inda maganar ta nufa, ita ce ke turjewa.

"Allah ya saka miki, Goggo. Amma ni maganar Bappa..."

"Maganar tasa muke yi. Yaya sunan mahaifiyarki?"

"Sobira."

Tsohuwar ta ɗaga murya ba tare da ta waiwaya ba.

"Wadifa! Na san kina nan, ƙafarki na leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shigo."

Wadifa ta shigo tana soshe-soshe.

"Ranar da mai gari ya kawo ni gidanku kina nan, da ɗan wayonki. Wane suna ya kira wa mahaifiyarki?"

Wadifa ta buɗe baki, ta kalli Shahula, ta kalli tsohuwar, ta sake kallon Shahula. Tiren da ke hammatarta ya zame ya faɗi a yashi.

"Sobira," ta ce a hankali. "La'ilaha illallahu. Sobira. Ta-Kudu, kina nufin wannan... duk kwanakin nan kina sane, ni ina ta jigilar kwano kamar jaka?"

Shahula ta miƙe zumbur, kujerar ta kife.

"Ƙarya ne! Sobira nawa ne a duniya? Mahaifiyata ta mutu. Kowace Juma'a sai na yi mata Fatiha, tun ban iya Fatihar daidai ba!"

"To ta iso," in ji tsohuwar. "Wataƙila ita ta riƙe ni."

"Bappa ba zai yi haka ba. Ba ki san shi ba. Shi ya yi min kitso da hannunsa, shi ya..."

"Ni ce ban san shi ba? Ranar da kuka sauka Wadifa ta dawo min da kwano. An matse lemu, an juye ɓawon ciki ya koma waje, an cusa ƙashin kifi a ciki an ajiye a gefe, don kada ƙaya ta soki mai wanke-wanke. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan tausayin, tausayin yatsan mai wanke kwano. Na leƙa ta ramin katanga na gan shi. Sai na gan ki kina shanya masa riga."

Ta yi gyaran murya.

"Ke ba sai an gaya min ba."

Shahula ta jingina da ginshiƙin bukkar. Abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya. Gidan da babu hoton uwa ko ɗaya. Yayyen Bappa da ke sauya magana in ta tambaya. Romon da duk gidan duniya ake sha, ban da nasu. Ta tsani kanta da ta yarda, amma ta yarda.

"Shekara uku kika ce." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Shekara uku. Sauran fa? Kina raye kika bar ni? Jirgi kullum yana zuwa Male!"

"Na zo."

"Yaushe?"

"Da wa'adin ya cika na zauna bakin ruwa ina jiran a zo ɗaukata, kamar yadda dangi ke zuwa wa kowa. Ɓarawon kwale-kwale ma da aka koro tare da ni, ƙanensa ya zo masa da sabuwar riga. Ni shiru. Mahaifiyar Wadifa ta sa ni a jirgi, na je kudu, aka ce kun koma Male. Na bi ku. Na yi ta tambaya har na gano makarantarku. Na gan ki da farar riga, kitso a karkace, kina cin wani abu a leda."

"Me ya hana ki kira ni?"

"Babbar yayarsa ce ta zo ɗaukarki, ta riga ki ganina. Ta ja ni gefe ta ce, yarinya ta san uwarta ta mutu a ruwa, mutuwa mai tsabta, ana tausayinta. Kina so a koma nuna ta ana cewa ga 'yar mai kwakwa? Wa zai ci abinci a hannunta? Wa zai aure ta?" Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa. "Na duba na ga ba ta yi ƙarya ba. Na san yadda ake kallon kwanon da ya fito daga hannuna. Na hau jirgi na dawo."

Wadifa na gefe tana kuka wiwi, tana share hanci da mayafi.

Can daga masallaci aka fara kiran azahar. Shahula ta zabura. Yanzu Bappa ya wanke hannu ya zauna yana kallon lungu, haka yake yi kullum. Duk abin da ya aikata, fuskarsa ce ta faɗo mata, da ƙasusuwan wuyansa da suka fara ɓuya a 'yan kwanakin nan.

"Ya san ke ce?"

"Loma ɗaya ta ishe shi sani. Ai ya san gidan da aka ajiye ni, shi ya sa bai ce ki kai shi wani ba. Amma kin ga ya taka ƙafa ya zagayo? Sai dai aike. A ƙara gwaza. Allah ya yi albarka."

Shahula ta zube a gabanta, gwiwa biyu a cikin toka.

"Na ji. Ya cuce ki, ya cuce ni, zan tsare shi sai ya faɗa da bakinsa. Amma mutuwa zai yi. Ke kaɗai yake iya ci a hannunki. Kin ciyar da shi duk kwanakin nan kina sane, ki ƙarasa ladanki, don Allah."

"Ladana?" Tsohuwar ta dube ta da wani irin mamaki. "Ke kin ɗauka shi nake dafa wa?"

Tsohuwar ta nuna 'yar tukunyar da ludayi.

"Na tashi tun kafin masunta su sauke kaya, na zaɓi kifin da idonsa ke sheƙi. Na tono gwazar da nake tattali. Zogalen nan da kaina na hau na tsinko, da wannan bayan nawa. Na ce yau 'yata za ta ci abincina. Kwano biyu ya dawo a suɗe, na yi ta murna kamar wawuya, har Wadifa na tambayata ko aure zan yi. Sai jiya take ba ni labari tana dariya, wai 'yar birnin nan ko ɗanɗanawa ba ta yi, biskit take jiƙawa, tsohon ke share kwano biyun."

"Wallahi ban sani ba, Ta-Kudu," in ji Wadifa cikin kuka. "Da na sani da na ɗinke bakina."

"Ya cinye min shekara talatin," tsohuwar ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya zo har bayan katangata ya cinye wanda na dafa wa 'yata."

Ta jawo kwano ɗaya, ta ɗauraye duk da a wanke yake. Ta zuba shinkafa, ta jera gwaza, ta kwarara romon a kai, duk abin da ke cikin 'yar tukunyar, har da kankare ƙasa. Ta barbaɗa zogale, ta yanka lemu ta ajiye a gefe. Ta shimfiɗa 'yar tabarma nesa da hayaƙi ta ɗora kwanon a kai.

"Na yau ke nan, babu wani. Na sha a gabanki, kin gani da idonki, ba zai kashe ki ba. Zauna ki ci."

Ƙanshin ya taso ya daki Shahula. Ƙanshin da ta yi shekaru tana cewa ba ta so. Yanzu da ya zo kusa, wani kuka ya taso mata tun daga ƙasa.

"Shi fa?"

"Wadifa na da taliya a kanti."

"Ba zai ci ba. Kin san ba zai ci ba."

"Na sani."

"Ki bar ni in raba, ko rabi ne in kai masa, in dawo in ci sauran a gabanki."

"Ba a raba wannan. Naki ne. In kin ci, kin ci abincin uwarki. In kin fita da shi ta ƙofar nan, kin kai wa ubanki, ban hana ki ba, ubanki ne. Amma kada ki dawo, ki ci gaba da Fatiharki ta Juma'a."

"Haba Ta-Kudu," in ji Wadifa. "Wannan ai raba yarinya biyu ne."

"Ba ni na fara raba ta ba."

Shahula ta sunkuya ta ɗauki kwanon da hannu biyu. Zafinsa na cin tafinta, ba ta saki ba. Ta kalli tabarmar. Ta kalli ƙofar. Ta kalli matar da ta ba ta baya tana tattara toka, kafaɗunta na rawa duk da taurin bakin.

"Mamma," ta ce. Kalmar ta fito mata baƙuwa, ba ta taɓa kiran mai rai da ita ba.

Hannun tsohuwar ya tsaya cak. Ba ta juyo ba.

Shahula ta ɗaga ƙafa, ita kanta ba ta san ina za ta sauke ta ba, sai hasken ƙofar ya dushe.

Bappa ne. Ba sanda, ba mai riƙe shi, yayyafi ya jiƙa masa riga ta manne da ƙirji. Ƙarfin da abincin ɗakin nan ya ba shi, shi ya kawo shi har bakinsa. Ya dafe ginshiƙin ƙofar yana haki. Bai kalli 'yarsa ba, bai kalli kwanon ba.

"Sobira," ya ce. "Yunwa nake ji."

Tsohuwar ta miƙe a hankali. Ta ɗauki butar da ke gefen murhu, ta tuttule ruwan a kan garwashin, wutar ta yi cuuu, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Sannan ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Matacciya ba ta girki, Latif."